Jaruman Ajin Zero

Ku matso kusa, don abin da zan ba ku yau ko Innata ban taɓa zama na warware mata shi dalla-dalla ba. Wanda bai san ni ba, ga ni: sunana Balki, ɗiyar Alhaji Garba mutumin Maraɗi, mai fataucin gyaɗa da fatu, gidanmu yana Bukoki a birnin Yamai. A shekarar 1963, shekara uku da samun mulkin kai, ina da shekara ashirin, ina koyar da ƴan mata arba'in da biyu a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Gamkalle, can bakin kogi. Koyarwar ma ta gwaji ce. Sai anspekta ya zo ya zauna a bayan aji ya ga yadda nake yi, ya ba ni maki cikin ashirin, sannan gwamnati ta san ko za ta riƙe ni ko ta sallame ni.

Baba kuwa ya riga ya yanke tasa. Kasuwancinsa ya koma Maraɗi, da an rufe lakwal zai kwashe gida kaf a kamiyo, babbar motar kaya. Ran da ya faɗa mini yana zaune a zaure bisa buzunsa, yana gyara farce da ƴar wuƙa, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce in takardar gwamnati ta fito da sunana, zai bar ni wajen ƙanwarsa Gwaggo Jummai in ci gaba da aikina. In ba ta fito ba, in ɗaure littattafaina in hau kamiyo, kuma kada ya ƙara jin kalmar lakwal a bakina. Inna tana bayan ƙyaure tana ji. Daga baya ta same ni a ɗaki ta ce ita dai addu'arta anspektan nan ya zo da ciwon kai. Wai sa'o'ina duk sun yi haihuwa biyu, ni ina nan tsaye gaban allo da farin alli har gira kamar mai tankaɗe.

Ban gaya mata ba lakwal kaɗai nake tsoron bari a Yamai ba. Ta sani. Uwa ce.

To, bari in faɗi sunansa in huta: Tanimu. Tela ne, mutumin Tawa, kekensa ɗaya tal a wata rumfar kwano da ke bakin kasuwar Bukoki. Dogo, baƙi, mai siririn wuya, kullum da allura soke a bakin hularsa. Ni da na cinye littattafan soyayyar Faransawa tun ina ɗaliba, na ɗauka wanda zai tafi da zuciyata zai zo da kwat da takalmi mai ƙara. Sai ga shi Allah ya haɗa ni da mai zare a baki. Bai taɓa tsayawa zance a ƙofar gidanmu ba, don Baba ya ce tela mai keke ɗaya ba ya da abin faɗa a zaurensa. Sai muka samo tamu hanyar. Duk rigar da ya ɗinka mini yana yi mata ɗan aljihu ta ciki, daidai ƙugu. Duk sanda na kai gyara na karɓo, zan tarar da ƴar takarda a ciki, naɗe kamar laya, rubuce da ajami. Inna har ta ce ba ta taɓa ganin yarinyar da kayanta ke yagewa kamar nawa ba, ko a cikin ƙaya nake koyarwa?

Kuma ku sani Tanimu ba ya rubuta “ina son ki” irin ta mutane. Shi ranarsa yake ba ni labari, amma sai ya mayar da ita yaƙi. Ga wata da na haddace:

“Zuwa ga Balki. Yau Sarkin Yaƙin Allura ya fita tun da hantsi neman koren zare. Ya ratsa ƙasar mahauta, ƙudaje dubu suka far masa, bai ja da baya ba. A ƙofar kanti ya tarar da wata tsohuwa ta riga shi kama ƙullin ƙarshe. Aka ja daga. Ya ɗaukar mata kwandonta har bakin pampo, ta sakar masa zaren. Ya dawo da ganima, ya ɗinke hannun rigar nan da kike riƙe da ita. Saura babban yaƙi: Dodon Zaure, mai buzu da tasbaha, wanda ke tsare da rijiyar da nake son sha.”

Na yi dariya har sai da na toshe baki da ɗankwali. Dodon Zaure fa Babana ne. Na ce astagfirullah, sannan na sake karantawa. Wannan takardar ce daga baya na nema sama da ƙasa na rasa, na ce ta bi ruwan wanki.

Yanzu ku zo in kai ku ajina. Daraktanmu, Mushe Jibo, wato Malam Jibo a Faransance, gajere mai tumbi da bulala a hammata, shi ya raɗa masa suna “ajin zero”. Kuma in faɗa muku gaskiya, in dai a redaksiyo ne, wato rubuta labari da Faransanci, bai yi ƙarya ba. In na ce su rubuta yadda suka wuni, kaye, wato littafin rubutu, arba'in da biyu magana ɗaya: na tashi, na wanke fuska, na tafi lakwal. Masu wayon ciki su kwafo daga littafi. Adama, wadda ba ta taɓa wuce Gamkalle ba, ta rubuta mini cewa ƙanƙara ta rufe rufin gidansu, babanta ya sa safar hannu ya fita. Babanta fa mai noman salati ne, rana ta gama gasa shi.

Ga kuma sambol. Ku na yanzu ba ku san shi ba, Allah ya raba ku. Ƙashin muƙamuƙin jaki ne aka zura wa igiya. Duk yarinyar da aka ji ta yi Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci a cikin shingen lakwal, sai a rataya mata shi a wuya. Ita kuma ta kasa kunne, da ta ji wata ta yi, ta cire ta miƙa mata. Wadda aka tashi yana wuyanta ita ke sharar fili, bayan ta sha bulala biyar a tafin hannu. Yara suka zama ba sa magana sam, don wadda ta yi shiru ba ta ɗaukar ƙashi. To wadda ta saba yin shiru da baki, me za ta ce a takarda?

Wadda ƙashin ya fi sabawa da wuyanta ita ce Mariyama, ƴar shekara goma sha biyu, siririya mai manyan idanu. Daga Lamorde take zuwa, ƙetaren kogi, kuma lokacin babu gada. Kullum da safe tana hawa kwalekwale da ƙwaryar nonon shanun uwarta, ta kai wa wata mai fura a Gamkalle, sannan ta rugo lakwal a makare.

Wata ranar Laraba da yamma ina zaune gindin ɗorawar tsakar gidanmu ina gyaran kaye, na buɗe nata. Layi uku ne. “Na haye kogi. Na kai nono. Na makara.” A cinyata kuma, ƙarƙashin zane, ga sabuwar takardar Tanimu wadda a ciki ya yi shafi guda kan yadda ya fatattaki wani ɓera daga cikin atamfofin mutane. Na dubi wannan, na dubi wancan. Mutum ya kori ɓera ya mayar da shi yaƙin da za a yi wa kiɗa. Yarinya ta ratsa kogi mai dorinai da ƙwarya a ka, ta mayar da shi layi uku. Wallahi sai na ji hawaye sun cika mini ido, ban san na haushi ne ko na murna ba.

Washegari Alhamis, ba lakwal. Na tara su gindin wani mangwaro a cikin lambunan Gamkalle, na ce musu da Hausa, nan ƙashin jaki ba ya da iko, kowa ta yi harshen uwarta. Suka yi ta kallona kamar na ce su tashi sama. Na ce wa ta san tatsuniya? Hannu arba'in. Na ce to, a tatsuniya in yarinya ta bar gida, haka kawai take fita? Suka ce a'a, aikenta ake yi. Na ce da me take fita? Wa take tararwa a hanya ya tare ta? Wa ke taimakonta? Kuma me take dawowa da shi? Suka yi ta amsawa suna katse juna. Sai na juya ga Zeinabu, ƴar gaban aji, na tambaye ta wa ya aike ta jiya.

Ta ce ai ita ba a aike ta ko'ina ba, ruwa kawai ta ɗebo a pampo.

Na ce to wa ya ce ta ɗebo? Kakarta. Da me ta fita? Da bokiti mai yoyo. Wa ta tarar? Nan fa ta gyara zama. Ashe akwai wata mata mai tulu bakwai da ke jera su tun da asuba ta hana kowa, kuma ashe Zeinabu ta toshe yoyon da ɗanko, ta lallaɓa ta yi wa matar rainon goyo har ta bar ta ta tara. Kafin ta gama yara sun raɗa wa matar suna Sarauniyar Tulu Bakwai, wata har ta fara yi wa Zeinabu kirari tana buga bokitin mai lambu.

Na ce, “To wannan shi ne redaksiyo. Abin da kika faɗa yanzu, shi za mu juya Faransanci, kalma bayan kalma. Wadda ba ku sani ba ku tambaye ni.”

Wata biyu muka yi a haka. Alhamis a gindin mangwaro da baki, sauran kwanaki a aji da alƙalami. Yaran da da ƙyar ake ciro kalma daga bakinsu suka dame ni da tambaya: yaya ake cewa ɗanko, yaya ake cewa guga, yaya ake cewa zuciyata ta faɗi? Adama ta bar ƙanƙara ta rubuta yaƙin da ta yi da akuyar maƙwabta a kan kunyar salati, shafi biyu da rabi. Kuskuren rubutu kam kamar tsakuwa a shinkafa, amma a karon farko ina karanta kaye ina son in san ƙarshensa.

Mushe Jibo ya ji labari. Ana gobe anspekta zai zo ya kira ni ofis ya ce ya ji ina koya wa ƴaƴan mutane tatsuniya da rana tsaka. Ya ce in ina son kaina da arziki in yi dikte, wato shifta, daga littafi, in zaɓi shafin da suka haddace, in samu goma cikin ashirin in wuce. Ya ce Anspekta Abdulaye ba abokin wasa ba ne, yana cikin ƴan ƙasa na farko da aka ba muƙamin, ya sa ƙattan malamai kuka, kuma tunda ya dawo daga karatu ba mahaluƙin da ya ji wani harshe a bakinsa in ba Faransanci ba.

Na fito. Ba zan ɓoye muku ba, na zaɓi shafin dikte ɗin, na ma sa masa tsinke. Goma ta ishe ni in zauna a Yamai. Me zai kai ni caca da rayuwata?

Ranar Talata da safe na sa sabuwar rigar da Tanimu ya ɗinka mini don ranar. Atamfa ce mai ruwan goro da ɗigon fari, riga mai dogon hannu da ƙaramin wuya zagayayye, ya bi bakin hannun da koren zare siriri, irin kalar tutarmu amma ba mai ihu ba. Na ɗaura zane, na kafa ɗankwali, na sa ƴan kunnen azurfa na Inna ba tare da na tambaya ba. Sai da na fita zaure na sa yatsa a aljihun ciki. Layi ɗaya ne wannan karon.

“Sarauniyar Alli, takobin da kika wasa wata biyu, kada ki bar shi gida ki ari na wani.”

Na tsaya a bakin titi, kurar ruwa tana wucewa, na karanta sau uku. Da na isa aji na zare tsinken nan daga littafi na jefar ta taga.

Ƙarfe tara motar anspekta ta tsaya. Watan Afrilu ne, kwanon aji har ƙara yake don zafi, amma mutumin nan ya shigo da farin kwat a maɓalle har wuya, da tabarau, da jakar fata. Bai yi murmushi ba. Ya zauna a bencin baya, Mushe Jibo a gefensa. Ina shirin farawa sai ga Mariyama ta shigo a guje, gefen zanenta jiƙe, ƙashin jaki yana lilo a ƙirjinta. Ashe a bakin ƙofa ta gaida mai gadi da Zabarmanci, aka ji ta.

Na ɗauki alli na rubuta kan darasi a allo da manyan baƙaƙe: Les héros, wato jarumai. Na ce su karanta tare. Kalmar nan sun sha rubuta ta a kaye, amma sai a lokacin na tuna ban taɓa sa su faɗe ta da baki tare da ɗan “les” ɗinta ba. Su kuma an koya musu a Faransanci ana jan ƙarshen kalma a liƙa wa ta gaba, S ɗin “les” ya koma Z. Murya arba'in da biyu ta tashi, da ƙarfi, da alfahari:

“Le zero.”

Mushe Jibo ya yi tari don ya ɓoye dariya, ya karkata ya ce wa anspekta, yadda kowa zai ji, ai ko ba komai sun san sunansu. Anspekta ya buɗe alƙalami ya rubuta wani abu. Ni kuwa na hango kamiyon Maraɗi ƙiri-ƙiri, har da inda zan zauna bisa buhun gyaɗa. Allina ya karye a hannuna.

Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Na tsugunna na ɗauki guntun allin, na rubuta Les zéros a ƙarƙashin na farko, na ce su duba su gaya mini bambanci. Zeinabu ta ce na sama yana da H. Na ce haka ne. Wannan H ɗin ba ya magana, amma a tsaye yake kamar mai gadi, ba ya bari kalmar baya ta liƙe masa. Duk mai son wucewa sai ya tsaya ya ja numfashi. Na ce musu, “Tsakanin zero da jarumi numfashi ɗaya ne. Mai gaggawa ya faɗa zero. Ku ja numfashi tare da ni.”

Na ji ajin duka ya ja iska, har da mai tari a baya.

“Le... ero.”

Na sa suka maimaita sau uku, na goge na ƙasan da tafin hannuna. Alƙalamin anspekta ya tsaya. Na ce yanzu Zeinabu za ta karanta mana nata, don ita na shirya. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce a'a. Waccan mai abu a wuya.

Mariyama ta fito gaban aji da kayenta a hannu. Na matsa kusa na ce mata a hankali ta ja numfashi. Ta ja. Da Faransanci ta karanta, amma ga shi da Hausa yadda zan iya:

“Ni ce Mariyama ta Lamorde. Uwata ta aike ni da farar ƙwarya, ta ce ɗigo ɗaya kada ya taɓa ƙasa. Ba ni da doki, ba ni da mashi, gammo kawai gare ni. Na shiga kwalekwalen tsoho mai ido ɗaya. A wannan wata kogi ya rame, duwatsu sun fito da kawunansu, hanya ɗaya ta rage mai zurfi, kuma a nan Sarkin Ruwa yake kwana. Muna tsakiya sai kunnuwa biyu suka fito. Sai hanci. Dorina ce, bayanta ya fi ɗakin uwata faɗi. Wata mata ta fara salati. Tsoho ya ɗaga sandar tuƙi ya kwantar, ya bugi gefen kwalekwale, ya ce: Kawu, baƙi ne, a ba mu hanya. Kowa ya riƙe numfashinsa. Ni na riƙe nawa da na ƙwarya. Ruwa ya ja mu a hankali har muka wuce ta gaban idonta, na ga kaina a ciki. Ta nutse. Na kai nonon, ɗigo ɗaya bai taɓa ƙasa ba. Da na iso ƙofar lakwal na yi gaisuwa da harshen uwata, aka rataya mini lambar ƙashi. A duk ajinmu ba wadda ta kai ni samun wannan lamba.”

Layin nan na ƙarshe ban san da shi ba, ita ta ƙara abinta. Na saci kallon Mushe Jibo, fuskarsa ta yi kamar an matsa lemun tsami.

Anspekta ya taso a hankali har gaban Mariyama. Ya tambaye ta da Faransancinsa mai kama da na rediyo, sau nawa tsohon ya bugi kwalekwalen? Ta ce sau uku. Ya ce da sandar? Ta girgiza kai, ta ce da tafin hannu, ƙarar itace tana fusata ta.

Mutumin nan ya juya yana kallon taga, inda kogi ke ƙyalli can nesa. Sai kawai muka ji ya ce, ƙasa-ƙasa, “Cimi no.” Da Zabarmanci, wato gaskiya ne. Ya ƙara da cewa haka babansa yake yi, shi ma da Zabarmanci.

Ku tsaya ku ji abin da yarinyar nan ta yi. Ta ajiye kaye. Ta kama igiyar wuyanta ta cire. Ta rusuna kamar yadda ake miƙa wa babba ruwa, ta miƙa masa ƙashin jakin da hannu biyu, ta ce da Faransanci tsaf, ba kuskure ko ɗaya:

“Mushe Anspekta ya yi Zabarmanci. Doka ce.”

Na ce shi ke nan, Balki, ɗaure kayanki. Mushe Jibo ya zabura ya miƙe, bulala ta faɗo daga hammatarsa. Anspekta ya ɗaga masa hannu. Ya cire tabarau, ya goge, ya daɗe yana kallon ƙashin. Sannan ya sunkuyar da kansa, Mariyama ta yi ɗage ta rataya masa.

Da shi a wuya, bisa farin kwat, ya koma benci ya saurari Sarauniyar Tulu Bakwai da akuyar Adama. A wajen akuyar na ga kafaɗarsa tana motsi. Da aka buga ƙararrawa ya tambayi darakta hukuncin wanda aka tashi da abin a wuyansa. Mushe Jibo ya ce sharar fili ne. Bulalar bai ambata ba. Anspekta ya ce yau yana da wata lakwal a gaba, ba zai samu yin sharar ba, don haka zai tafi da abin, kuma tunda doka ta ce mai shi ne kaɗai ke miƙa wa wani, sai a jira ya dawo da shi. Har na bar lakwal ɗin bai dawo da shi ba.

A ofis anspekta ya wanke ni tas. Rubutuna a allo yana gangara kamar mai saukowa daga tudu. Na bar kuskure uku a kayen Mariyama ban gyara ba. Na kira ƴan gaba sau shida, ƴan baya sau biyu. Sannan ya ja takarda ya rubuta, ya buga hatimi, ya turo mini. Goma sha biyar. Ya ce in kwafo masa labaran duka arba'in da biyu, yana son malaman wasu lakwal su gani. Ya tambaye ni a wane littafi na samo wannan dabara. Na ce ba a littafi ba ne, Mushe, a aljihu ne. Ya dube ni ta saman tabarau, bai ƙara tambaya ba.

Da na fito yara suna jira a bakin shinge. Na ɗaga musu takardar. Suka ja numfashi tare, da gangan, yadda har mai gadi ya ji, sannan suka saki “le... ero” da guɗa. Mariyama ce kawai ba ta yi ba, tana shafa wuyanta kamar mai neman abu.

Ta kasuwa na biyo, ko da yake ba hanyata ba ce. Ban tsaya a rumfar Tanimu ba, idon mutane. Na dai rage tafiya, na buɗe yatsuna goma a jikin jakata, na rufe, na buɗe biyar. Ƙarar keken ta ɗauke. Ban waiga ba, amma na ji maƙwabcinsa mai faci yana cewa, “Kai Tanimu, yatsanka ka ɗinke ko rigar mutane?”

Bayan la'asar na durƙusa gaban Baba a zaure na miƙa takardar. Ba ya karanta Faransanci, amma ya san hatimi. Ya juya ta, ya shafa hatimin da babban yatsa, ya ce maganarsa ɗaya ce, zan zauna wajen Gwaggo. Na yi godiya, zuciyata kamar ta fasa rigar. Na yunƙura zan tashi.

“Zamna,” ya ce.

Ya ɗaga gefen buzu ya zaro wata ƴar takarda naɗe kamar laya. Na gane ta tun kafin ya warware. Ashe ba ruwan wanki ta bi ba, hannun Inna ta bi. Kuma na manta abu ɗaya, masu karatu: ajamin da nake haɗawa da ƙyar, Baba da shi yake rubuta wasiƙunsa tun ba a haife ni ba. Ya gyara murya ya karanta ta tun daga ƙasar mahauta har tsohuwa mai kwando, a nutse, kamar mai karanta wasiyya. Da ya zo ƙarshe ya dubi buzunsa. Ya dubi tasbahar hannunsa. Ya dube ni.

“Wanga Dodon Zaure, kin san shi?”

Na ce, “Baba, wasa ne.”

“Ban tambaye ki ko wasa ne ba.” Ya naɗe takardar ya sa a aljihunsa. “Ki gaya ma Sarkin Yaƙin Allura Dodo na jiran shi ran Juma'a bayan la'asar. Shi da kanshi, ba wakili ba. In ji ta bakinshi yadda za ya sha rijiyar.”

Na sunkuyar da kai, na tashi. Har na kai ƙofar tsakar gida ya ƙara da cewa, yana kallon bango, “Shi taho da igiyar awonshi. In za a tara mini mutane wata rana, ba da wagga tsohuwar riga zan zamna gabansu ba.”

Ko murmushi ne na gani a gefen gemunsa, ko inuwa ce, ban sani ba. Abin da na sani yau Talata, Juma'a saura kwana uku, kuma Tanimu bai san Dodo ya karanta sunan da ya raɗa masa ba. Na shiga ɗaki na dubi kayana, duk lafiyarsu lau, ba wadda ke buƙatar gyara. Sai na dubi hannun sabuwar rigata, da koren zarenta mai kyau. Na ja numfashi ɗaya, na kama ɗinkin, na farke.

Inna tana bakin ƙofa da faifai a hannu.

“Ta yage kuma?”

“Ta yage, Inna.”

Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ba ta dube ni ba. “To yi sauri, kafin ya rufe rumfa.”